Shinkafa da wake nake sayarwa, amma faɗuwar farashin mai ce ta karya ni

Assalamu alaikum. Na jima ina son in ba da wannan labari, kunya ce take danne ni. Abin da ya sa na fasa yin shiru shi ne, bayan ƙaramar sallar da ta wuce ɗan ƙanina ya same ni a zaure, ya durƙusa ya ce: "Baffa, don Allah ka sa baki Baba ya bar ni in sayar da bijimin nan in tafi Kudu. Can ne kuɗin mai yake." Sai na ji kamar muryata ce aka naɗa a kaset shekara ashirin da wani abu da suka wuce, yau aka kunna mini.

Ba zan kama sunan kowa ba. Ko garin da na zauna ba zan faɗa ba, domin akwai mutanen da har gobe ina bin su kuɗi, mutanen kirki ne, ba na son wani ya karanta ya gane su. Abin da zan iya faɗa shi ne babban birnin ɗaya daga cikin jihohin Neja Delta masu arzikin mai ne, kuma na yi shekara goma sha shida a cikinsa.

An haife ni a 1979 a wani ƙauye arewa da Kano. Ba na manta shekarar saboda Inna takan ce da ni take goyo lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Baba manomi ne, gero da wake da 'yar gyaɗa. Yakan ce ranar da aka soke haraji an yi guɗa a ƙauyenmu, amma kuma tun daga ranar dagaci ya daina sanin mutum nawa ne a gidanmu. Ina yaro ban gane abin da yake nufi ba. Karatuna bai wuce firamare da makarantar allo ba. Abin da na sani game da mai shi ne abin da ake faɗa a majalisa idan an kunna rediyo: can Kudu kuɗi ne kwance, mutanen wurin ba sa noma ba sa wahala, wata-wata ake raba musu.

A 2001, bayan an gama girbi, na bi wani ɗan garinmu cin rani. A saman tirelar albasa muka tafi, kwana biyu a hanya, ta Lakwaja da Okene da Auchi, muka gangara Benin da Warri muka hau titin East-West. Abin da ya fara ba ni mamaki ruwa ne. Ko'ina ruwa, sama ruwa ƙasa ruwa, kafin mutum ya gina ɗaki sai ya sayi yashi ya cike filin tukuna. Na biyu tsada. Ɗaki guda na langa-langa da muke kwana mu shida, kuɗin hayarsa zai kama maka gida sukutum a garinmu. Amma kuɗi yana yawo. Da baro na fara, abin da nake samu a yini ya fi abin da zan samu a mako a gida.

Tun ina tura baro na lura kasuwar garin tana da kakarta da bazararta a cikin kowane wata guda. Makon da aka biya albashi, ba ka da lokacin cin abinci. Mata suna sayen shinkafa buhu-buhu, mahauta suna yanka shanu biyu maimakon ɗaya, har mai gyaran takalmi ya san an biya. Bayan kwana goma sai abin ya fara ja baya. Goman ƙarshe kuwa sai ka kwanta a cikin baronka ka yi barci har la'asar ba wanda ya tashe ka. Garin ba masana'anta, ba wata babbar gona. Gwamnati ce uwa ita ce uba, ko kana yi mata aiki, ko kana yi mata kwangila, ko kana sayar wa masu yi mata aiki.

Daga baro na koma tebur, ina auna wake da robar fenti, wadda ita ce mudun can. Daga tebur na kama shago. A tsakanin nan aka yi zamanin tsageru, wajen 2006 zuwa 2009, ana sace turawan kamfani ana fasa bututu, kasuwa ta yi sanyi. Da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya yi shelar afuwa a watan Yunin 2009, samarin da suka ajiye makamai aka sa musu alawus na naira 65,000 a wata, sai gari ya sake buɗewa. Waɗannan samari ba sa taya kaya, abin da ka faɗa shi suke biya. Haƙo mai ya koma yadda yake, gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 daga 2011, a shekarar kuma aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 18,000. Wani Alhaji a kasuwar Dawanau, wanda ya san mahaifina, ya fara yi mini lodin wake da gero da masara a kan amana, in sayar in turo. Shinkafa kuma ina sarowa daga Onica. Kafin 2013 ina da shago biyu da sito da yara huɗu, na ɗauko iyalina, na sayi fili a Kano na sa harsashi.

Abin da ya ɗaga ni shi ne bashi. Ƙungiyoyin ma'aikata na makarantu da ma'aikatu sukan turo sakatarensu da takarda: wance rabin buhun shinkafa, wane roba biyar ta wake da galan na manja. In ba da kaya a tsakiyar wata, idan alat ya shigo a biya ni, da ɗan abin da na ɗora a kai. Na sayi wani babban littafi mai bangon kwali baƙi, kowane mutum da shafinsa. Waɗanda ban iya rubuta sunansu da boko ba, in rubuta da ajami yadda kunnena ya ji. Shekara huɗu cur ba a taɓa wuce kwana arba'in ba a biya ni ba. Har na fara yi wa 'yan uwana masu cewa sai da kuɗi hannu dariya.

Maƙwabcina a kasuwa wani dattijon Ijaw ne mai sayar da busasshen kifi. Shi ya koya mini turancin buroka, ni na koya masa ƙirga da Hausa. Idan na tafi sallar Juma'a shi yake tsare mini shago. A 2013 zai aurar da 'yarsa ya matsa sai na je ƙauyensu. Awa biyu muka yi a kwalekwale mai inji. Tun kafin mu isa na fara jin warin, irin na garejin gyaran mota. Bishiyoyin bakin ruwa, masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo, na ga wuri mai tsawo duk sun bushe sun yi baƙi. Saman ruwan yana ƙyalli launi-launi. Da dare ya yi ba lantarki a garin, amma ba ka bukatar fitila, wata wuta ce can bayan gari take ci a saman dogon ƙarfe, dare da rana, da ƙara kamar ta jirgin sama. Iskar gas ce ake ƙonawa. Aka kawo mini ruwan alwala, na ce ina na sha, aka ce sai dai na leda, shi ma daga birni ake kawo shi a kwalekwale, kuɗinsa ninki biyu. Fetur ɗin da suke zuba wa injin kwalekwalen a jarka suke saye, ya fi na birni tsada nesa ba kusa ba, alhali bututu ya bi ta bayan makarantar firamarensu. Ya nuna mini ɗakin shan magani, an yi masa fenti mai kyau, akuya ce kwance a ƙofar.

Na tambaye shi kifin da yake sayarwa fa? Ya yi dariya ya ce rabinsa daga wajenku yake zuwa, daga tafkin Cadi. Mahaifinsa da koma ɗaya ya ciyar da mata biyu da 'ya'ya tara, shi kuwa ɗansa zai kwana a ruwa ya dawo da abin da bai cika kwano ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna duk maganganun da na yi a majalisar ƙauyenmu a kan mutanen nan, na ji nauyi.

Da na dawo na kai tambayata wurin wani kwastomana, tsohon akanta ne a wata ma'aikatar jihar, saura kaɗan ya yi ritaya. Ya saba zama a bencin shagona da yamma yana cin gyaɗa. Na ce: "Oga, kuɗin man nan ina yake shiga?" Ya karɓi birona, ya yagi kwalin taliya ya fara zane.

Ya ce kamfanonin da ke haƙo mai suna biyan gwamnatin tarayya ta hanya uku. Akwai kason da ake cirewa a kan kowace ganga da ta fito daga ƙasa. Akwai harajin ribar mai, wanda a rijiyoyin tudu da ake haɗin gwiwa da gwamnati yakan kai kashi 85 cikin 100 na ribar, a na can tsakiyar teku kuma kashi 50. Sannan akwai ɗanyen man da yake rabon gwamnati, ta sayar. Duka ana zuba su a asusun tarayya. Kafin a raba, tsarin mulkin 1999 ya ce a ware aƙalla kashi 13 a ba jihohin da man ya fito daga ƙasarsu, kowace gwargwadon abin da aka haƙo a cikinta. Abin da ya rage tarayya ta ɗauki 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kowane wata kwamiti yake zama a Abuja a yi rabon. Ya ɗago ya dube ni ya ce: "Malam, malamin firamaren ƙauyenku ma da wannan ake biyansa." Ya ce zamanin gyaɗarku da kokon Yarbawa, rabin abin da aka samu daga ma'adinai yankin da ya fito ake bar wa. Da mai ya zama shi ne komai, aka yi ta zaftarewa har ya sauko kashi ɗaya da rabi a farkon shekarun 1980, aka mai da shi uku a 1992, sai da aka zubar da jini kafin a kai sha uku. Kuma sha ukun nan hannun gwamnatin jiha yake faɗawa, ba hannun ƙauyen da rijiyar take ba. Shi ya sa na ga gadoji da dogayen benaye a birni, na ga akuya a ɗakin shan magani.

Sai ya faɗi wata magana wadda da na riƙe ta da ban shiga abin da na shiga ba. Ya ce harajin nan a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Ya ce a ce kamfani yana kashe dala 30 kafin ya fito da ganga, ya sayar 100, ribar da za a yi wa haraji 70 ce. In farashi ya sauko 50, kuɗin haƙowa yana nan inda yake, riba ta koma 20. Farashi ya faɗi da rabi, abin da gwamnati za ta samu ya faɗi fiye da kashi biyu cikin uku. Ya buga yatsa a kan littafina baƙi ya ce: "Duk sunan da ke cikin nan, ganga ce take biya masa." Na yi dariya na ce Oga, ni wake nake sayarwa, ina ruwana da ganga. Na ƙara masa gyaɗa.

A watan Yunin 2014 ganga tana sama da dala 110. Kafin ƙarshen shekara ta dawo wajen 60. Ina ji a rediyo kamar labarin wata ƙasa. Ba mu ji a jikinmu nan da nan ba saboda zaɓen 2015 ya taho, 'yan siyasa suna sayen shinkafa ɗaruruwan buhu suna rabawa. Ciniki bai taɓa yi mini kyau kamar lokacin ba. A nan na tafka kuskuren farko, na kira Alhaji na ce a ninka mini lodi.

Bayan zaɓe albashi ya fara latti. Kwana arba'in ya zama sittin. Ba jiharmu kaɗai ba, jihohi da yawa a ƙasar sun kasa biya, har a watan Yulin 2015 gwamnatin tarayya ta fito da tallafin ceto. Aka biya wani ɓangare na bashin albashi, mutanena suka zo suka rage abin da ke kansu. Wallahi sun zo, ba wanda na bi gida. Wannan ne ya ruɗe ni. Na ce ai ga shi an warware, mutanen nan ba maciya amana ba ne, kuma gwamnati ba ta mutuwa. Na buɗe littafi na ci gaba da rubutu. Kuskure na biyu ke nan, kuma shi ne babba.

Janairun 2016 ganga ta faɗo ƙasa da dala 30. Ana wata ga wata, a watan Fabrairu wasu sababbin tsageru suka fasa babban bututun fitar da mai na Forcados a jihar Delta, suka bi wasu suna fasawa. Man da ƙasar ke haƙowa, wanda aka yi kasafi a kan ganga miliyan 2.2 a rana, ya sauko wajen miliyan 1.4. Ga jihar da ke dogaro da kashi 13, duka biyu ne a wuri ɗaya: farashi ya faɗi, gangunan da ake lissafa mata su ma sun ragu. Shugaba Buhari da bakinsa ya ce jihohi 27 cikin 36 suna fama da biyan albashi. A garinmu aka shiga wata na uku, na huɗu, na biyar. Wani lokaci a biya rabi. 'Yan kwangila suka kwashe motocinsu suka bar gine-gine a tsaye, leburorinsu da ke cin abinci wurin matan da nake ba wake suka watse, matan su ma suka shiga littafi. Masu gidajen haya, masu Keke, masu shagon magani, kowa yana bin kowa. Garin da wata ke da kaka da bazara ya koma bazara zalla.

Sai kuma masu karɓar kuɗin shiga suka taso mu a gaba. Da, lokacin da kuɗi ke zuwa daga Abuja, ba wanda ya damu da 'yan tikitinmu. Yanzu aka tuna da mu. Yau kuɗin shara, gobe na allon shago, jibi na sauke kaya, kowa da rasiɗinsa da sandarsa. A nan maganar Baba ta dagaci ta dawo mini, na gane ta ta ɗaya gefen.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne tsada. A watan Mayu aka mai da litar fetur naira 145 daga 86 da sule biyar, kuɗin mota daga Kano ya tashi. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga 197 ta doshi 280 a banki, a kasuwar bayan fage ta wuce haka. Buhun shinkafar da na rubuta wa mutum a kan dubu tara da ɗari biyar, yanzu ni kaina ba zan saro shi ƙasa da dubu goma sha bakwai ba. Ke nan ko wanda ya biya ni cif, rabin buhu ya mayar mini.

Akwai wata malamar firamare, bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, shekara biyar tana sayayya wurina. Wata rana da yamma cikin azumi, ana yayyafi, sai ga ta da ɗanta ya ɗauko kan keken ɗinki a ka, an lulluɓe shi da leda. Ta sa ya ajiye a kan buhun masara. Ta ce: "Malam, riƙe wannan. Ba biya na zo yi ba, ƙari na zo nema. Tun jiya garin rogo da gishiri suke sha." Ba ta yi kuka ba, ta tsaya tana kallon ƙasa, ruwa yana ɗiga daga ɗankwalinta. Na buɗe shafinta, dubu talatin da ɗaya. Na san kuma da keken nan take ɗinkin da ke riƙe su tunda albashi ya tsaya. Na ce yaron ya ɗauki kekensu, na auna mata roba biyu ta shinkafa da ɗaya ta wake, na rubuta. Har yau ban san ko daidai na yi ba, domin kayan ba nawa ba ne, na Alhaji ne. Irinta kuwa sun fi ɗari a littafin.

Daren ranar na rufe shago, na kunna tocilan na haɗa lissafi tun daga shafin farko. Ina bin mutane naira miliyan goma sha ɗaya da 'yan kai. Alhaji yana bi na miliyan bakwai, 'yan Onica miliyan biyu. Abin da ke sito bai kai na miliyan ɗaya ba. Na sake haɗawa sau uku ko Allah zai sa na yi kuskure.

Na fara gudun waya. Ni da nake kiran Alhaji kowace Juma'a in gaishe shi, sai in ga lambarsa in kife wayar. Abinci ya daina shiga. Maiɗakina ta ce: "Malam, dare uku ke nan ina jin ka kana ƙirga cikin barci." A goman ƙarshe na azumin na yanke jiki na faɗi a ƙofar sito. Dattijon mai kifi ne ya sa aka ɗauke ni a Keke. Aka ce hawan jini ne, saura ƙiris ɓarin jikina ya shanye. Kuɗin asibiti, 'yan kunnenta na zinare da sarƙar da aka yi mata a lefe ta sayar. Ba ta faɗa mini ba sai da na ga kunnen ba komai.

Ina kwance na ji Oga akanta ya rasu. Ya yi ritaya a ƙarshen 2015, bai ga ko sisi na haƙƙinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Dubu arba'in da biyu ne a shafinsa. Da na samu sauƙi na ja layi biyu a kai. Kwalin taliyar da ya yi mini zane, ashe na cusa shi a bangon littafin tun ranar, yana nan har yanzu, man gyaɗa ya ɓata gefensa.

Na sallami yarana huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na saki shago ɗaya, sannan sito, sannan ɗayan. A watan Fabrairun 2017 na sa iyalina a motar haya, ni kuma na hau bayan tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa ba kaya, saboda kuɗin mota na mutum biyu ba su cika ba. Yadda na zo haka na koma, illa iyaka wannan karon akwai furfura da kwalin magani a aljihu.

Abin da ya fi mini wuya a duk rayuwata shi ne shiga Dawanau. Na yi kwana tara a gida kafin in iya. Na sami Alhaji a kan tabarma a ƙofar sitonsa, mutane kewaye da shi. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ya jira aka watse. Na ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, ban ci kuɗinka ba, ban yi caca ba, ban ƙara aure ba. Ga inda suke." Na miƙa masa littafin. Ya sa tabarau ya yi ta buɗawa, shafi bayan shafi, ya fi minti goma bai ce uffan ba. Can ya rufe ya ce: "Yaro, ai kai ba kasuwanci ka je yi ba. Gwamna ka zama, kana biyan albashi da wakena." Ya yi 'yar dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo. Ya ce abin da ya ɓata masa rai ba kuɗin ba ne, kife wayar ne.

Na sayar da filin Kano da harsashinsa, na sayar da rabona na gonar gado, yayana ya saya don kada ta fita gida. Na biya 'yan Onica, na rage na Alhaji. Ragowar ya ce in zauna a sitonsa ina kula da lodi, ana cirewa a hankali. Mutumin da yake da yara huɗu ya koma yaron wani yana da shekara talatin da takwas. Akwai waɗanda na taɓa yi wa alheri da suka daina amsa sallamata da kyau, akwai kuma waɗanda ban taɓa yi wa komai ba da suka riƙa aiko wa iyalina da hatsi. Sai a 2021 na gama biya.

Daga cikin miliyan goma sha ɗayan nan, abin da ya dawo hannuna bai kai uku ba, a gutsure, wasu bayan shekara biyar, lokacin da kuɗin ba sa sayen rabin abin da suka karɓa. Malamar nan tana cikin waɗanda suka biya. A 2019 na ji alat na dubu goma, can sai ga kira, ta ce ta nemi lambata wurin mai kifi. Sau huɗu ta turo har ta cike, ta ƙara dubu biyu ta ce na yara ne.

Ni da dattijon muna waya har yanzu. Da aka sa hannu a sabuwar dokar man fetur a watan Agustan 2021, wadda ta ce kamfanoni su ware kashi 3 na kuɗin da suka kashe wajen gudanar da aiki a shekara su zuba a asusun garuruwan da suke haƙa, na kira shi na ce barka. Ya ce su kashi 10 suka nema, kuma an ce idan aka fasa bututu a yankinsu daga cikin kasonsu za a cire kuɗin gyara. Ya ce bari dai mu gani. Ambaliyar 2022 ta cinye masa shago, ta yanke titin East-West, robar wake ta ninka a garin cikin mako guda saboda ba motar da ke shiga. A watan Nuwambar shekarar aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. A majalisarmu ana ta murna ana cewa mu ma za mu fara karɓar kashi 13. Na ce Allah ya sa alheri, amma a je a tambayi ƙauyen da rijiyar take nan da shekara goma, kuma kada kowa ya saki fartanyarsa. Wani ya ce baƙin ciki ne irin na wanda ya karye. Na yi shiru, don akwai ƙanshin gaskiya a rabin maganarsa.

Yanzu ina da ɗan teburina a Dawanau, ina yi wa mutane uku lodi zuwa Kudu, kuɗi su shigo kafin mota ta tashi. Ina shan maganina safe da dare. Duk ƙarshen wata idan aka karanta a rediyo abin da kwamitin rabon nan ya raba, nakan tsaya in saurara, kuma nakan tambayi farashin ganga kamar yadda nake tambayar farashin wake. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lambobin da ake karantowa sun yi girma ƙwarai, sai dai na san abin da buhu yake a yau.

Ɗan ƙanin nawa ban hana shi ba. Na ɗauko littafin na ba shi ya kwana da shi, har da kwalin taliyar, na yi masa bayanin zanen yadda aka yi mini. Ya saurara da ladabi, irin sauraron da na yi wa Oga. Ya sayar da bijimin ya tafi, na haɗa shi da dattijon mai kifi. Sati uku da suka wuce ya kira ni bayan isha'i, ya ce ciniki alhamdulillahi, ruwa ne dai ya ishe shi. Sai ya yi jim ya ce: "Baffa, akwai wata mata, ma'aikaciyar asibiti ce, kullum wurina take saye. Yau ta ce in ba ta roba uku zuwa ƙarshen wata. Me zan ce mata?"

Na daɗe riƙe da wayar, har ya ce Baffa kana ji na? Na ce ina ji. Na tambaye shi 'ya'yanta nawa. Ya ce bai sani ba, amma gobe zai tambaya.